Teburin Tausa Mai Gangare

Ku daina cusa min waya a ido haka, na gani. Na ga mai ruwan hoda, na ga baƙin, na ga wanda aka ce yana naɗewa a rataya a kafaɗa. Ni cewa na yi ku nemo min teburin tausa mai sauƙin kuɗi, ban ce ku zaɓo min launi ba. Kuma na ji ƙus-ƙus ɗin da kuke yi tun safe, wai me ya sami Anti Rabi, matar da ta hana kowa ko jingina da tsohon teburinta na katako, yau ita ce zaune da filaya tana zare masa ƙusoshi. To ku zauna ku ji, hannuna na aiki bakina na magana. Teburin nan zai bar ɗakin nan yau bayan la'asar, kuma ba zai dawo ba, don dama ba nawa ba ne.

Ku a ganinku tausa shafa mai ce da hira. Ke Fa'iza ranar nan har cewa kika yi a waya za ki ƙarasa koyo. Allah ya ba da sa'a. Ni a hannun Goggo Asabe na koya, ƙanwar babanmu, wadda ta biyo shi daga ƙasar Katsina lokacin da ya kafa rumfa a Gombe. A Pantami ba mai jegon da ba ta san hannunta ba. Kafin ta bar ni in taɓa jikin mutum sai da na gaji da danna buhun gero da babban yatsa, har farcena ya yi baƙi. Daga nan ta kwanta da kanta ta ce in taɓa ta. In na danna da ƙarfi ta make min hannu, in na sassauta ta ce ai ƙuda ma ya fi ni nauyi. Kayan aikinta ba su wuce man kaɗanya da man shanu da tsohon zane da tabarma ba. A durƙushe take aiki, kuma a durƙushe ta tsufa, don a ƙarshen rayuwarta ko a sallah ba ta iya miƙe bayanta.

Aikin da ya fara nuna min inda na dosa na wata mai jego ne a bayan filin wasa na Pantami. Mace ce ƙatuwa, ɗakin kuma siminti ne tsirara. Na yi mata ƙugu da kafaɗu ina durƙushe, da na gama na yunƙura zan tashi sai wani abu ya soke ni a gadon baya, na koma na zauna daɓas. Mai jegon ce ta kama ni ta tayar da ni, tana dariya har da hawaye. Shi ya sa da wata 'yar Barno ta buɗe shagon gyaran jiki ta neme ni, ban tsaya jan aji ba. A can na fara aiki a tsaye, a kan teburin ƙasar waje, na gane ashe ba tausar ce ke karya mutum ba, sunkuyon ne.

Sai shekarar cutar nan ta zo, wadda aka hana taro. Biki ya tsaya, amare suka ɗauke ƙafa, matar ta rufe shago ta kwashe teburanta ta koma garinsu. Abin da ya rage min shi ne masu ciwo a gidaje: tsofaffi, waɗanda hawan jini ya kayar, da masu jego. Su ba za su zo ba, ni zan je. Ƙasa kuwa bayana ya riga ya ƙi ta. Katifar gado ba ta yi, kina dannawa mutum yana nutsewa, ƙarfinki duk a soso yake ƙarewa. Ko in sami tebur ko in bar sana'ar, ga yara suna kallona.

Na zaga shaguna har takalmina ya suɗe. Masu kyau na waje ban ma tsaya taya su ba. Akwai wani mai araha irin waɗannan na wayarku, mai ƙafafun gwangwani. Na ce da mai shagon ya buɗe, na hau na zauna a bakinsa, sai ɗaya gefen ya ɗaga sama kamar jaki ya yi tutsu. To wannan shi ne gwajin farko, ku riƙe. Ku zauna a baki, ku girgiza, ku saurara, don teburin da ke kuka ba ya barin mai ciwo ya saki jiki. Ku tsaya a gefensa ku saki hannu, in gaɓoɓin yatsunku sun taɓa samansa tsayinsa ya yi muku. Ku danna soson da gwiwar hannu, in kun ji katako ku wuce. Ledar ku kankare ta da farce mai shago yana gani, zafin Gombe ba ya raga wa ledar banza. Sannan ku ɗaga shi ku ji, don ku ne za ku cusa shi a keke napep, ku ne kuma za ku tsallake kwata da shi.

A ƙarshe kasuwar katako na faɗa, wurin wani dattijon kafinta, Malam Buba. Na yi masa kwatancen abin da nake so, kuɗin da ya faɗa ya fi ƙarfina. Har na juya sai na hango wani abu jingine a bayan rumfarsa, an rufe shi da buhu. Na yaye. Tebur ne siriri na katako mai kyau, an goge shi sumul, ƙafafunsa na naɗewa, gefe da gefe an yi masa ɗan tudu. An ɗaure ƙafafun da wani dogon tsumman atamfa shuɗi mai ƙulli a kowane baki, an kafe tsakiyarsa da ƙusa a ƙarƙashi. Na tambaya, ya ce wata ce ta ba da aiki, 'ya'yanta suka zo suka ce a sayar. Bai so ya ba ni ba. Ya ce zai yi min gajarta. Ya ce bai daidaita ba, wajen kai ya fi wajen ƙafa tudu. Ni kuwa duk aibin da ya faɗa rangwame nake ji, na nace har ya sallama.

Na sa ya huda min ramin fuska, inda mai ciwo ke sa hanci in ya kifa. Ya daɗe riƙe da zarto yana kallon wurin kafin ya yanka. Da ya gama ya ɗauki kewayayyen guntun da ya fita, ya hure shi, ya miƙo min.

"Ajiye wannan, baiwar Allah. Wata rana za a neme shi."

Na jefa a jakar mai, ya zama abin da nake ɗora kwanon ruwan zafi a kai. Masu gyaran kushin suka buga min soso da leda. Tsumman na bar shi, don ya fi kowace igiya riƙe ƙafafun.

Tebur ya yi aiki, ban raina masa ba. Bai taɓa kuka ba komai nauyin wadda ta hau, tudun gefen kuma yana tare mutum in na juya shi. Dogaye ne kawai sai na tara musu filo a kujera su ɗora sawu. Gangaren ma na saba da shi, sai dai in na manta na ajiye kwalbar mai a kwance ta mirgina wajen ƙafa.

Abin da ban saba da shi ba shi ne shirun. Mata a hannun mai tausa surutu gare su, nan za ki ji labarin miji da na maƙwabta da na wadda ba ki ma sani ba. A kan teburin nan kuwa da na fara sai magana ta ɗauke. Su yi wani irin barci da sai na kai kunne kusa da hancinsu. Wata mai jego a Barunde ta farka tana shafa gashinta, ta tambaye ni ko na zuba mata ruwa. Na ce wane ruwa, ga ki a bushe. Ta ce ita dai ta ji ana kwarara mata ruwa mai ɗumi a hankali, daga kafaɗar dama har ƙafa, sannan aka koma hagu. Na ce gajiyar haihuwa ce. Bayan wani lokaci wata tsohuwar malamar makaranta, wadda ba ta san waccan ba, ta faɗa min magana iri ɗaya, har da cewa hannayen da ke juya ta sun fi biyu. Na naɗe teburina na wuce gida na gaba. Ni ban ce muku ga abin da ke nan ba, abin da suka faɗa min nake faɗa muku.

Aikin Hajiya Dudu ya zo da zafin bazara, rana tsaka. 'Yarta Hauwa, ma'aikaciya a sakateriya, ita ta kira ni gidansu a Fedaral Lokos. Hawan jini ya kayar da tsohuwar, ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace. Masu gashin ƙashi a asibiti sun ce in ba a riƙa motsa hannun da ƙafar a watannin farko ba za su sandare, ita da tafiya kuma har abada. Na sami 'yar tsohuwar Bafulatana, fara, ƙarama, idanunta tar a kaina. Na buɗe tebur a falo, na shimfiɗa zane, muka ɗauko ta ni da Hauwa muka kwantar da ita rigingine.

Na daɗe ina kwantar da mutane a kansa, ban taɓa ganin wadda ya yi wa daidai ba sai ranar. Tsakar kanta a bakin sama, dugaduganta a bakin ƙasa, ba ragi ba ƙari. Kafaɗunta sun cike tsakanin tudun nan biyu cif. Har na buɗe baki zan ce kamar don ke aka yi shi, sai na ga hannunta mai lafiya ya sauka yana lalube. Ta bi tudun da yatsa. Ta kamo tsumman da ke reto, ta jawo shi gaban idonta, ta shafa ƙullin, ta sake shafawa. Daga nan ta saki wani sauti da ban taɓa jin irinsa a bakin mutum ba, shi ba ihu ba, shi ba kuka ba. Hauwa ta kalli tsumman, ta dafa bango ta sulale ta zauna a ƙasa.

A baranda ta faɗa min. Mahaifiyarta ita ce mai wankan gawar mata a unguwarsu tun ana haƙa rami a tsakar gida a ɗora ƙyaure a kai. Da gidaje suka koma tayil ta sha wanke matan mutunci a ƙasan banɗaki, kai kusa da masai, abin yana ci mata rai. Sai ta yaga bakin zanenta, ta kwanta ta sa aka auna ta, ta ƙulla, ta kai wa kafinta da kanta. Ta ce a yi masa gangare don ruwa ya bi ta ƙafa, a yi tudu kada gawa ta zame in an juya ta, ƙafafun su naɗe don ya shiga kowace ƙofa. A fara da ita, daga nan ya zama na unguwa. Su 'ya'yan suka ga ajiye shi a gida kiran mutuwa ne. Suka ce da kafinta ya sayar, ita kuma suka ce mata gara ta cinye.

Na naɗe teburin. Wallahi na ji tsoro. A keke a takure na zauna don kada ya taɓa min ƙafa, ina tuna masu jegon da na kwantar a kai jarirai na barci a gefe. Na kai shi gida na jingine a bayan ɗaki. Na yi niyyar faskara shi in hura wuta, sai in tuna in na ƙone shi da me zan yi aiki. In kuma maganar ta fita, cewa Rabi a katakon wankan gawa take kwantar da masu rai, ko kyauta ba mai ƙara kirana a garin nan.

Hauwa ta ci gaba da kira. Dada, haka suke ce mata, ta juya fuska bango. Ta ƙi abinci, ta ƙi magani, ta ƙi a taɓa ta. Abin da take ta maimaitawa da karkataccen bakinta shi ne an aiko a tafi da ita. Abin da aka ce gara ta ci ya shigo gida har an ɗora ta a kai, to me ya rage. Sun faɗa mata gaskiya, sun rantse, ta ce ai ba su suka kawo shi ba. Hannun nan kuwa ya fara lanƙwashewa, yatsun suna dunƙulewa. Hauwa ta roƙe ni in zo ba tebur. Na je, tsohuwar ko kallona ba ta yi ba.

Da na ga haka na ce to kayanta ne, in mayar mata, in ya so in koma durƙuso har bayan ya ƙarasa karyewa. Na ɗauko shi da hantsi ban faɗa wa Hauwa ba, na shiga da shi har ɗakin tsohuwar, na jingine inda za ta gani. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Dada ga kayanki, ban san naki ba ne, a kasuwa na saya.

Ta daɗe tana kallonsa. Maganarta sai an kasa kunne.

"Mutum nawa suka hau?"

"Da yawa, Dada."

"Duk sun sauka?"

"Duk sun sauka. Da ƙafarsu."

Ta rufe ido har na zaci barci ne. Can ta ce in buɗe shi.

Da na buɗe ta sa na matso da shi, ta dafa wajen ƙafa, ta ce in nemo abu in ɗaga ya daidaita, gangaren ba na yanzu ba ne. Hauwa ta lalubo guntayen katako a sito muka tokare, muka ɗora ta. Kafin in sa mata mai ta cafke wuyan hannuna da hannunta mai lafiya, riƙon da ban zaci tana da ƙarfinsa ba.

"Aro na ba ki," in ji ta. "Ki ci abinci da shi. Ranar da na ce ki kawo shi ba soso, ki kawo, kada ki tambaye ni. Ramin nan kuma ki toshe. A ranar ba ƙasa zan kalla ba."

Na ce to. Ranar ta sha kunu.

Mun sha fama da hannun nan. Sai na jiƙa shi a ruwan ɗumi, in bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da man kaɗanya ina buɗewa, tana zagina da Fulatanci, Hauwa ta ƙi fassarawa. Gwiwar ma haka, in lanƙwasa in miƙe har gumi ya jiƙa min riga. Ita kaɗai ce ba ta taɓa barci a kan teburin nan ba, ita kaɗai ce kuma ke surutu a kai. Ta ce ban iya juya mutum ba, ƙarfi nake sawa. Ta nuna min a lanƙwasa gwiwar can gefen, a ɗora hannu a ƙirji, a kama ƙugu da kafaɗa a jawo, mutum zai zo da kansa. Juyin nan da nake koya muku, wanda kuke cewa Anti ta iya, daga wurinta na samo shi, kun kuwa ji a kan su wa ta koya. Ta ce aikinmu ɗaya ne ni da ita, mu muke ganin abin da mace ke ɓoyewa, mu aka kuma hana faɗa. Shi ya sa nake ci muku mutunci in kun fito daga gidan mutane kuna ba da labari. Kafin damina ta ƙare ta taka daga ɗaki zuwa baranda da sanda. Tun da aka tokare ƙafafun kuma, ba wadda ta ƙara ce min ta ji ruwa.

Shekarun nan duk da shi na ciyar da yara, da shi na kama ɗakin nan da kuke zaune kuna kaɗa ƙafa. Duk sallah in na je gaishe ta sai ta tambayi yara, sannan ta tambayi katakonta, ko gara ta taɓa shi, tana kallon Hauwa ta gefen ido. Saboda haka ku ƙara wannan a kan gwajin da na faɗa muku. In na hannu za ku saya, ku tambayi wa aka yi wa shi. In kuma mai kaya ya fara kushe kayansa da bakinsa, ku yi shiru ku saurare shi.

Yau da safe Hauwa ta kira. Ta ce lafiya lau Dada ta tashi, ta yi sallah, ta sha koko har ta nemi ƙari. Ta sa an yanke mata farce, an tsefe mata kai, ta fito baranda tana amsa gaisuwar maƙwabta. Sai ta ce a faɗa wa Rabi ta kawo bayan la'asar, ba soso. Hauwa tana faɗa tana dariya, wai rigimar tsufa ce. Ni ban tambaya ba. Zuciyata ba daɗi, 'yan mata, ina son matar nan.

Ga ledar ta fita, ga soson. Ku dubi katakon, fari tas kamar jiya aka goge shi. Guntayen ƙafar ma na cire, kun ga yadda kwalbar can ta mirgina. Wancan baƙin na wayarki kuwa, in mun je sai na zauna a bakinsa kafin in ce komai.

Wayar wa ke ƙara? Tawa ce, a jakar mai. Ko azahar ba a kira ba. Fa'iza, duba min sunan kawai, kada ki ɗauka.

Hauwa ce? To, na ji. Bar ta ta yi ta ƙara. A ƙasan jakar akwai wani kewayayyen katako, shi za ki fara miƙo min in toshe ramin nan.